Katin Bita: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Mantuwa da Dabarar Riƙe Karatu

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun jarrabawa ya san wannan ciwo. Ɗalibi zai kwana bisa littafi, ga goro ga shayi, ya wayi gari ya juye abin da ya haddace a takarda, ya ci. Bayan wata guda ka tare shi a bakin ɗakin gwaje-gwaje ka tambaye shi sunan ƙwayar da ke kawo tsargiya, sai ya tsaya yana kallonka kamar bai taɓa jin zancen ba. Da can ina ɗaukar wannan a matsayin sakaci. Yanzu na san cewa akasarinsa halittar ƙwaƙwalwa ce, kuma mu malamai ba mu cika koya wa yara yadda za su bi da ita ba.

A wannan maƙala za mu duba wata ƙaramar dabara, wato katin bita. 'Yar takarda ce, tambaya a fuska ɗaya, amsa a bayanta. Za mu ga dalilin da ya sa take aiki, da yadda ta tashi daga akwatin kwali ta shiga wayar salula, da kuma inda ni da wasu ɗalibaina muka kai a ƙoƙarin shirya irinta da Hausa domin 'yan sakandare na yankinmu.

Auna mantuwa

Mutum na farko da ya auna mantuwa da lissafi wani Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus, wanda ya buga sakamakonsa a shekarar 1885. Ba shi da ɗalibai da zai gwada, don haka kansa ya mayar abin gwaji. Ya ƙirƙiro gaɓoɓi marasa ma'ana sama da 2,000, yana haddace su jeri-jeri, sa'an nan ya bar su na wani lokaci ya dawo ya ga ƙoƙarin da zai sake yi kafin su zauna. Bayan minti 20, abin da ya rage daga wahalarsa ta farko kashi 58 ne cikin ɗari. Bayan sa'a guda, kashi 44. Bayan kwana ɗaya, kimanin kashi 34, bayan kwana 31 kuwa kashi 21. A 2015 wasu masana biyu a Amsterdam, Murre da Dros, sun maimaita gwajin, suka sami kusan abin da ya samu.

Mai karatu ya lura da yadda alƙaluman suke. Ɓarnar ba a hankali take zuwa ba. Rabi da ɗoriya na tafiya tun kafin ɗalibi ya isa gida daga makaranta, abin da ya tsira a ranar farko kuma yakan daɗe. Ebbinghaus ya kuma gano cewa idan aka rarraba maimaici a kan kwanaki, maimaici kaɗan ya isa, alhali idan aka tattara shi a zama guda sai an ninka shi.

Me ke faruwa a cikin kai?

A nan ne fannina ya shigo. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna aika wa juna saƙo ta wasu 'yan mahaɗai, inda ɗaya ke sakin sinadari ɗayar ta karɓa. Koyon abu shi ne canjin ƙarfin waɗannan mahaɗai. Amma ƙwaƙwalwarmu ta cika yawa, ba ta biyuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa Eric Kandel na Amurka ya koma ga wata dabbar teku, 'yar'uwar dodon koɗi, mai suna Aplysia, wadda ƙwayoyin jijiyarta kusan 20,000 ne kawai, manya-manya, har wasu ana ganinsu da ido.

Idan aka taɓa wannan dabba sai ta janye gaɓar numfashinta. In aka dinga taɓawa ba tare da cutarwa ba, sai ta saba ta daina janyewa, wato ta koyi cewa ba komai. A 1972 Kandel da abokan aikinsa suka taɓa wasu sau 40 a jere, sabon ya ɗauki kamar kwana guda ya gushe. Wasu kuma aka taɓa su sau 10 kullum har kwana 4. Jimilla dai 40 ce, amma nasu sabon ya kai makonni. Dabbar da ba ta san allo ba, ba ta san jarrabawa ba, ga ta tana bin dokar da Ebbinghaus ya gano a kansa.

Binciken da ya biyo baya ya bayyana dalili. Tunawa ta ɗan lokaci ba ta buƙatar komai sai a ƙara ko a rage yawan sinadarin da ake saki a mahaɗar da ke nan. Tunawa mai ɗorewa kuwa gini ne: sai an tayar da wasu ƙwayoyin gado a cikin cibiyar ƙwayar, an ƙera sabon furotin, har a tsiro da sababbin mahaɗai ko a rushe wasu. Gini kuma lokaci yake ci, barci ma na cikin abin da ke taimaka masa. A kan wannan aiki aka ba Kandel lambar Nobel a 2000.

Manomin rani a filayen Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura, zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba wanda ke sakar wa albasa ruwan wata uku a rana ɗaya ya ce ya huta. Ana ba ta, a bari ƙasa ta sha ta fara tsanewa, a sake ba ta. Gwanintar tana ga sanin ranar komawa.

Karantawa daban, tunowa daban

Akwai rabi na biyu na dabarar, kuma shi ne ɗalibai suka fi ƙi. A 2008 Karpicke da Roediger suka koya wa ɗaliban wata jami'a a Amurka kalmomi 40 na Swahili tare da ma'anarsu a Ingilishi. Bayan kowa ya iya su, wasu aka ci gaba da yi musu tambaya a kai, wasu kuma aka daina tambayarsu duk kalmar da suka taɓa cankawa, ko da an bar su suna sake karanta ta. Bayan mako guda, waɗanda aka dinga tambaya sun tuna kimanin kashi 80, sauran kuwa kashi 30 da 'yan kai. Sake karantawa bai ƙara musu kusan komai ba. Laluben amsa a cikin kai, da ɗan gumin da ke tattare da shi, shi ne ke ƙarfafa mahaɗa. Idan ido ya bi shafin da ya saba gani, zuciya takan raya wa mutum cewa ya iya, alhali ganewa kawai ya yi.

Ni kaina ban fara ganin wannan a littafin Turawa ba. A makarantar allo na gan shi, ko da yake a lokacin ban san sunansa ba. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya juya shi ya biya wa malam da ka. Bayan an wanke kuma ba a sallame shi da karatun ba, akwai tishi, akwai tilawa, ana komawa baya kullum ana zagayowa. Gardin da ya yi nisa har rubutawa yake yi da ka. Ga tambayar kai, ga rarraba maimaici, duka biyun. Abin da tsangaya ba ta yi ba shi ne ware wa kowace gaɓa ranar komawarta daban, ita ma don abin da take haddacewa jere yake, ba a tsinka shi. Kalmomin harshe da sunayen kimiyya kuwa warwatse suke, kowane da nauyinsa.

Daga akwati zuwa waya

Wannan giɓi ne wani ɗan jarida mai rubutu da Jamusanci, Sebastian Leitner, ya cike a 1972. Ya raba akwati gida 5, na farko ƙarami, na ƙarshe babba. Sabon kati a gida na farko yake farawa. In ka canki amsarsa ya matsa gaba, in ka kuskure ya koma gida na farko komai nisan da ya yi. Gidan farko kullum ake duba shi, na can ƙarshe sai jefi-jefi. Ta haka lokacinka ke tafiya kan abin da ke ba ka wahala.

A 1987 wani ɗalibi a ƙasar Folan, Piotr Woźniak, wanda shi ma ilimin halittu ya fara karanta, ya sanya dabarar a kwamfuta da sunan SuperMemo. Lissafinsa na lokacin mai sauƙi ne: ka ga kati bayan kwana 1, sai bayan kwana 6, daga nan a dinga ninka tazarar sau biyu da rabi, wato kwana 15, sai 38, sai kusan wata uku. Katin da ya wahalar da kai a rage masa ninkin. A kan wannan lissafi Damien Elmes ya gina manhajar Anki a 2006, yana koyon Japananci, kuma sunan ma a harshen yana nufin hadda. A 2023 aka ƙara mata sabon lissafi da ke nazarin tarihin amsoshin mutum ya yi hasashen ranar da yake gab da mantawa. Kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, kuma tana aiki ko babu intanet.

Me ya sa Jangebe?

Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Jangebe suka kwashe ɗalibai. An sako 279 ranar 2 ga Maris, aka rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sake ɗaukar ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya, bayan kwana biyu kuma aka katse layukan waya a Zamfara na tsawon makonni. Raunin da wannan ya bari a zukatan yara da iyaye ba abin da kati zai warkar ba ne, ba kuma shi nake nufi ba. Amma akwai asara ta biyu da ba a cika lissafawa ba. Yarinyar da ta zauna gida wata da watanni, komawarta aji ba daga inda ta tsaya take ɗorawa ba. Mu tuna da alƙaluman Ebbinghaus. Ga shi kuma nauyi biyu take ɗauke da shi, domin kimiyyar da Ingilishi ake koya mata, sai ta fara cin harshen kafin ta kai ga darasin, kuma jarrabawar WAEC da NECO ba ta rage tambaya don an rufe makaranta.

Wannan ne ya sa muka fara aikin, kuma shi ya tsara mana sharuɗɗansa. Da farko mun yi niyyar rubuta manhajarmu daga tushe. Mun watsar da wannan, don lissafin tazara an riga an gama shi, kyauta ne. Abin da babu shi ne katunan. Muka kuma yanke cewa duk katin da muka shirya wa waya sai ya zama ana iya buga shi a takarda a yanka, tun da mun ga lokacin da waya ta zama ba ta da amfani, kuma a gidaje da yawa wayar ta uba ce ko ta yaya.

Rubuta kati ya fi yadda muka zata wuya. Kuskurenmu na farko cusa darasi guda a kati ɗaya. Wani ɗalibina ya rubuta, a bayyana zagayen rayuwar tsutsar tsargiya, ya cika bayan katin da rubutu. Irin wannan ba ya amsuwa da e ko a'a, kullum rabi za ka iya. Muka farfasa shi: me ake kiran tsutsar da ke sa fitsarin jini? Schistosoma haematobium. A jikin wace dabba take girma kafin ta shiga mutum? Dodon koɗin ruwa mai suna Bulinus. Ta ina take shiga jiki? Ta fata, yayin wanka ko aiki cikin ruwa. Kati guda, tambaya guda. Yaron da ya tashi kusa da magudanan ruwan noman rani kuma yana da abin da zai rataya wannan sani a jikinsa, wanda Ebbinghaus da gaɓoɓinsa marasa ma'ana ba su da shi.

Matsala ta biyu daga rubutunmu take. Boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ka rubuta kuka a fuskar kati, ana nufin Adansonia digitata, wani ya ɗauka na hawaye ne. Haka gari, haka fari. A jimla ba a ruɗewa, amma kati kalma ce tsirara. Maganin da muka samu shi ne sa 'yar gajeriyar jimla ko zane. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, da wasu wayoyi ke mayar da su akwati-akwati, sai an gwada kowane rubutu a tsohuwar waya kafin a yarda da shi. Mun yi gardama a kan karin harshe ma. Wanda ya tashi yana cewa hwara, shin kati ya ce masa fara? Mun tsaya a daidaitacciyar Hausa a rubuce, tun da ita zai tarar a littafi, amma ina ganin muryar da za a naɗa ta zama ta ɗan yankin.

Wanda ba ya son jiranmu zai iya farawa yau. A samu kwalin takalmi ko na sabulu a raba shi gida 5, a yanka tsohon kwali ko bangon littafi daidai tafin hannu. Ga tsarin da nake ba ɗalibaina: gida na ɗaya kullum, na biyu bayan kwana 2, na uku kowace Juma'a, na huɗu bayan mako biyu, na biyar sau ɗaya a wata. A faɗi amsar da baki kafin a juya katin, kada a leƙa. Kada kuma a yi zarin sababbin katuna, domin kowane sabo bashi ne da za a dinga biya. Masu Anki sun ƙiyasta cewa mai ƙara 20 kullum zai wayi gari yana bitar kusan 200 a rana. Biyar sun isa mai farawa, kuma biyar kullum a shekara 1,825 ke nan. Sai dai abin da ba a fahimta ba kada a sa shi a kati, a koma wa malam tukuna.

A halin yanzu mun kammala daftarin katunan ƙwayar halitta da na cututtukan da ruwa ke yaɗawa, muna kan na tsirrai. Naɗar murya ba mu fara ba. Muna kuma neman malaman kimiyya da na Hausa a makarantun Talata Mafara da Bakura da Maradun da za su karanta daftarin su nuna mana inda kalmarmu ba ita yara ke amfani da ita ba. Mai sha'awa ya aiko da wasiƙa ta hannun editan wannan mujalla.