Kafin Ka Ce "Sai Na Zo"

Ɗana, tunda ka ƙudura barin Urafane bana ka tafi Kano neman na kanka, matso in gaya maka wani abu. A can takardun asibiti da na banki da na makaranta da Ingilishi ake rubuta su, kuma harshen ya rarrabe abubuwan da mu kan dunƙule cikin "sai na zo".

Abin da suke kira "plan" niyya ce da shiri. Wannan naka ne, kamar manomin da ya tanadi irin hatsi yana jiran ruwan shuka. In sama ta yi jinkiri, ba mai kama shi da laifi. "Appointment" kuwa, randebun nan da ka sani a ofisoshin Tasawa da Maradi, ya riga ya fita daga hannunka. Wani ne ya ware maka lokacinsa, ya sallami wasu dominka. In likita ya rubuta ƙarfe 9, kada ka fassara shi da hantsi ko "bayan na karya". Kana makara na bayanka zai shige, kuɗin motarka ya tafi a banza. Abin da ya fi damuna ke nan: a ɗauki yaro mai tarbiyya a kan marar alkawari, alhali shi bai ma san alkawari ya ɗauka ba.

Sai "deadline", wato wa'adi, ranar da ake rufe ƙofa. In an ce a biya kuɗin rajista zuwa 30 ga wata, kai sa 25 a ranka, don intanet kan yanke, banki kan cika maƙil.

Agogon Nijar da na Nijeriya ɗaya ne, ba sai ka taɓa naka a kan iyaka ba. Ƙirgar ce ta bambanta. Ƙarfe 14 ɗinmu su 2 p.m. suke rubutawa, 12 a.m. kuma tsakar dare ne, mutane da yawa na ɗaukar sa tsakar rana. Takarda in daga Amurka ta fito, wata suke fara sawa kafin rana: 3/4 a wurinsu 4 ga Maris ne. Tambayi magatakarda ya faɗa maka sunan watan da bakinsa, ba abin kunya ba ne.

Ka ce in sha Allahu, haka aka hore mu, amma ka biyo shi da rana da ƙarfe nawa. In uzuri ya taso, buga waya tun da wuri, kafin mutum ya zauna zaman jiranka. Lambarsa kuma ka rubuta a takarda ka sa aljihu, don caji kan ƙare a hanya.