Ma'ana da Zaɓi: Yadda Hausa ke Rarrabe Farin Launi

Gabatarwa

Wannan darasi zai nuna yadda Hausa ke bambanta launuka masu kusanci da juna, da kuma asarar da rashin fayyace magana ke jawowa.

Misali daga Kumbotso

Wani magidanci a Panshekara ya aiki mai fenti ya sayo "fari" domin ɗakin amaryar ɗansa. A shago sai mai fentin ya tarar da iri biyu, kuma duk ba fari fat ba ne. Ɗaya yana da sirkin rawaya, kamar turararriyar shinkafar Kura. Ɗayan kuma ya karkata zuwa ruwan ƙasa, kamar garin alkamar Kadawa. Ya zaɓi na biyu, alhali maigida na farko yake nufi. Tun da an riga an fasa bokiti, mai shago bai karɓa ba.

Hanyoyin fayyace launi

Berlin da Kay (1969) sun nuna cewa harshen da ke da kalmomin launi uku kacal, fari da baƙi da ja yake da su. Waɗannan uku suna da faɗin ma'ana a Hausa, shi ya sa ake taƙaita su ta hanyoyi kamar haka:

1. Amsa-kama, domin ƙarfafawa: fari fat, fari tas, fari sol.
2. Ninki, domin rage ƙarfi: fari-fari, ja-ja.
3. Harɗaɗɗen suna da kalmar "ruwa": ruwan madara, ruwan toka, ruwan zuma.
4. Bayani da "mai": fari mai sirkin rawaya.

Da maigidan ya ce "ruwan madara", da bai yi asara ba.

Sai dai kalma tana da iyaka, domin haske yana sauya launi. Fentin da ya yi haske da hantsi yakan yi duhu-duhu da la'asar, kuma ɗanyensa daban yake da busasshensa. Saboda haka, dabara ita ce a shafa kowanne kaɗan a bango, a jira ya bushe, sannan a yanke shawara. Gani ya kori ji.

Haka ma a aji, ya kamata malami ya kawo madara da alli da toka, ɗalibai su gani kafin su sanya suna.

Jinga

1. Bambanta "fari tas" da "fari-fari" ta fuskar ma'ana.
2. Kawo launuka biyar masu farawa da "ruwan", ka sanya kowanne cikin jimla.