Ciwon Fumfuna A Cikin Jini: Yadda Likitoci Ke Binciko Tushensa

Akwai wasu ƙwayoyin cuta dangin yisti da fumfuna waɗanda likitoci ke kira Candida. Suna zaune a baki da hanji da fatar mutane masu lafiya ba tare da sun yi wata ɓarna ba. Su ne ke kawo fari-farin nan a harshen jarirai. Amma in suka shiga jinin majiyyaci sai zazzaɓi ya ƙi sauka, kuma ciwon yana iya kisa.

Waɗanda Abin Ya Fi Shafa

Su ne jariran da aka haifa bakwaini, da waɗanda aka yi wa aikin ciki, da masu wankin ƙoda, da masu jinya a ɗakin kulawa ta musamman. Haka kuma wanda ya daɗe yana shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, domin maganin yakan kashe ƙwayoyin da ke taƙaita yaɗuwar Candida a hanji.

Hanyoyin Bincike

Da fari, akan ɗebi jinin majiyyaci a reni ƙwayar a ɗakin gwaji don a san irinta. Na biyu, akan duba robar da aka zura masa a jijiya, domin ƙwayar takan yi sansani a jikinta. Na uku, in majiyyata da yawa suka kamu a ɗaki guda, sai a gwada hannun ma'aikata da gadaje da kayan aiki. Daga nan a kwatanta ƙwayoyin halittar cutar. In sun zo iri ɗaya, to, tushensu ɗaya ne.

Misali Daga Ingila

A shekarar 2009 aka gano wani iri mai suna Candida auris a kunnen wani majiyyaci a Japan. Wannan iri yakan daɗe a jikin kaya, kuma sau da yawa ba ya jin magani. Daga 2015 zuwa 2017 an same shi a jikin majiyyata 70 a wani asibiti na Oxford. Bincike ya nuna cewa na'urar auna zafin jiki da ake sa wa majiyyata a hammata, daga wannan zuwa wancan, ita ce ta taimaka wajen yaɗa shi. Da aka daina amfani da ita sai cutar ta lafa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin fumfuna mafi haɗari.

Kira Ga Jama'a

Ana roƙon masu jinya da masu zuwa dubiya su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa majiyyaci da kuma bayan haka. Kada su taɓa robar ƙarin ruwa. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da izinin likita. In zazzaɓi ya ƙi sauka, a sanar da ma'aikatan asibiti nan da nan. Rigakafi ya fi magani.