Kafin Ka Sayi Labarin Kisa Na Faransawa

Mai karatu, in ka saba tsintar littattafan James Hadley Chase wurin masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari ko Samaru, gwada na Faransawa. Ai kamfanin Gallimard ya fassara Chase ɗin cikin jerin Série Noire da Marcel Duhamel ya kafa a 1945.

Ka fara da Total Khéops na Jean-Claude Izzo, na 1995, akwai shi da Turanci. Ƙarfinsa garin Marsai ne: 'yan ci-rani, wariyar launin fata, 'yan sanda masu cin hanci. Wannan duk fassara ta kawo shi lafiya. Abin da ke zubewa a hanya shi ne bakin 'yan tasha, domin mai fassara kan musanya shi da na Amurka, sai ka ji ɗan daban Marsai yana magana kamar a fim. Wani marubucin Faransa, Jean-Patrick Manchette, bai cika shan wannan wahala ba, jimlolinsa gajeru ne, busassu.

Ɗaliban Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello, ku riƙa ajiye asali kusa da fassara. Akwai giya da jini a cikin littattafan nan, kada a bar su inda yara za su ɗauka.