Darasin Turanci: Buhu Ake Ƙirgawa, Ba Taki Ba

'Yan'uwa manoma, kafin ruwa ya sauka magatakardan ƙungiyoyinmu na Kakuri, Sabon Tasha da Gonin Gora za su zauna rubuta wasiƙun neman taki da rance. Da Turanci ake rubuta su, akwai kuma wani kuskure da yakan sa a dawo da wasiƙa, har lokacin shuka ya wuce.

A Turanci akwai abubuwan da ba a ƙirga su ɗaya ɗaya, sai dai a auna su. Ga kaɗan daga ciki: fertilizer, wato taki, maize, masara, rice, shinkafa, water, ruwa, money, kuɗi. Ba a sa musu a ko an a gaba, ba a kuwa ƙara musu s a ƙarshe.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. In ka je kasuwar Sabon Tasha, ba ka cewa a ba ka shinkafa biyu. Mudu biyu kake cewa. Haka Turanci yake: ma'aunin ake ƙirgawa.

Kuskure: We need ten fertilizers.
Daidai: We need ten bags of fertilizer.

Ku lura da kyau. Wanda ya karanta na farko zai iya ɗauka taki iri goma ake nema, alhali buhu goma ne masu kilo 50.

In ba a faɗi yawan abin ba, a bar shi haka nan, ko a sa some: We need some money.

Ana sa the in an riga an san abin da ake nufi, kamar yadda muke cewa "masarar da muka sayar": the maize we sold.

Akwai kalmomi uku da suka fi ruɗa mutane: advice, information, equipment. Mu mukan ce "wata shawara", saboda haka hannu yakan rubuta an advice. Kuskure ne. A rubuta some advice, ko a piece of advice.

Aiki: a gyara waɗannan kafin taro na gaba.

1. We bought a rice.
2. Please send us two equipments.
3. Thank you for the informations.

Magatakarda ya karanta amsoshin a gaban 'yan ƙungiya. Za mu kawo gyaran a fitowa ta gaba.