MATAR SOJA DA AMANAR GIDA: A YI SHIRI TUN KAFIN TAFIYA

  

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi 'yan'uwanmu matan sojoji ne. A cikin ɗalibaina na ajin matan aure akwai wata baiwar Allah da aka tura mijinta aiki Arewa maso Gabas. Da daddare aka faɗa masa, da asuba ya tafi, katin cirar kuɗi yana aljihunsa. Mako uku babu sabis a inda yake. Ana cikin haka yaronta ya kwanta zazzaɓi, ga shi babu ko sisi a hannunta, kuma tana ta waswasi ko ya halatta ta fita asibiti tun da ba ta nemi izini ba. Mijin nan ba mugu ba ne, ita ma ba sakarya ba ce. Abin da ya faru kawai shi ne ba su taɓa zama sun tsara yadda gidan zai tafi idan ba ya nan ba.

Wannan rayuwa ba sabuwa ba ce. Sojojin Nijeriya sun je Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, daga baya Saliyo, sun je Darfur a 2004, sannan tun 2009 rikicin Boko Haram ya riƙe da yawansu nesa da iyali. Tun zamanin sahabbai ma haka take. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A) ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, daga nan ya iyakance wa mayaƙa lokacin zama a bakin daga, wata ruwayar ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. Kin ga ke nan Musulunci bai raina kewarki ba. A aya ta 34 ta Suratun Nisa'i kuma Allah Ya yabi mata salihai da cewa suna tsare amana a bayan idon mazajensu. To amma tsare amana yana son shiri. Ga abubuwa huɗu da ya kamata ku gama maganarsu tun yana gida.

1. KUƊI

Ki tambayi maigida cikin ladabi: nawa ne na cefane a wata, nawa ne na makarantar yara, nawa za a aika wa Hajiya, kuma ta wace hanya kuɗin zai iso? In zai yiwu ya sa banki ya riƙa tura miki wani kaso duk ƙarshen wata, ko yana da sabis ko babu. Ciyarwa wajibi ce a kansa ko yana gida ko yana daji. Ke kuma ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda ya fita. Ki san bashin da ake binsa da wanda yake bi. Ki kiyayi anko da adashin da ya fi ƙarfinki don kawai matan layinku sun shiga. 'Yar sana'a a gida, ko ƙanƙara ko ɗinki, tana rufa asiri ranar da albashi ya yi jinkiri.

2. IZINI DA WAKILI

Ki nemi izini na gaba ɗaya: zuwa asibiti, Islamiyya, kasuwa, gaida iyaye, ta'aziyya. Fitar lalura irin ta kai yaro asibiti kuwa, shari'a ba ta ce ki zauna jiran waya ba. Sannan ya ambata miki mutum ɗaya da za ki nema idan wani abu ya taso, zai fi kyau ya zama muharraminki ko wata dattijuwa. A bariki akwai Magajiya, akwai limami, ki san su tun kafin buƙata ta kawo ki. Amma abokin miji mai yawan zuwa "duba lafiyar yara", ya tsaya daga ƙofa. Hadisin Buraida a Sahihu Muslim ya kwatanta alfarmar matan mayaƙa a kan waɗanda suka zauna gida da alfarmar iyayensu mata.

3. TAKARDU

Nan ne mata da yawa suke jin nauyi, wai kada a ce suna yi wa miji fatan mutuwa. Wasiyya ba ta kashe kowa. Sojoji da dama suna shiga aiki tun suna samari, sai su rubuta sunan uba ko yaya a matsayin makusancin da za a nema in ta Allah ta kasance, su yi aure su manta ba su gyara ba. Ki tuna masa ya sa sunanki da na yara a fayil ɗinsa. Ki adana shaidar aure, takardun haihuwa da lambar aikinsa wuri guda. Mu kuma sani, wanda aka rubuta sunansa ba shi ne mai dukiyar ba, amana ce zai karɓo a raba yadda Allah Ya tsara: mata tana da kashi 1 cikin 8 idan akwai 'ya'ya, 1 cikin 4 idan babu, in sun fi ɗaya su raba wannan kason. Takaba wata 4 ce da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. Wanda aka rasa labarinsa, alƙali ne zai yanke hukunci bayan bincike, ba jita-jitar WhatsApp ba.

4. YARA DA DAWOWA

Ku yarda a kan dokokin gida, don kada yara su ga Baba na tafiya doka ta tafi. Kada ki mai da shi dodo, kullum "bari Babanku ya dawo". Ku riƙa yi masa addu'a tare bayan Magariba. Idan ya kira, kada ki fara da ƙorafi, kuma kada ki yaɗa inda yake, don ran mutane ne a ciki. Idan ya dawo kin ga ya rage magana, ko yana firgita cikin barci, ko fushi ya yi masa yawa, ki yi haƙuri amma kada ki ɓoye, a haɗa addu'a da ganin likita. Duka kuwa ba abin shiru ba ne, ki sanar da manya.

Mu da mazajenmu ke kwana gida, akwai namu rabon. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri yana da ladan wanda ya fita. Leƙa maƙwabciyarki, ki riƙe mata yara ranar awo.

Ita ɗalibar tawa, matan aji ne suka haɗa mata kuɗin magani, yaron ya warke. Da mijin ya zo hutu, ta ce zaman farko da suka yi da biro da takarda ne.

Allah Ya tsare mazajenmu, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.