Musayar Gida: Zaɓen Gari da Lokacin Tafiya

Jama'a, darasinmu na yau a kan wata al'ada ce ta mutanen Turai da Amurka, wadda a ke kira musayar gida. Za mu karanta shi a hankali, sa'an nan mu amsa tambayoyin da ke ƙarshe. Wanda wata kalma ta gagare shi ya ɗaga hannu, malami zai taimake shi.

1. Mece ce musayar gida?

A nan wurinmu, in mutum ya yi tafiya zuwa wani gari, ya kan sauka wurin ɗan'uwa ko aboki. Mai gida yana nan, ya ba shi ɗaki, ya aiko masa da tuwo. A Turai kuwa matafiya da yawa a otal su ke sauka, su biya kuɗin ko wane kwana. Kuɗin nan da yawa ne. Mai iyali ba ya iya biyan na wata guda, sai in mai hali ne.

Saboda haka waɗansu suka yi dabara. Magidanta biyu da ke garuruwa dabam su kan shirya a tsakaninsu. Wannan ya kwashi iyalinsa ya je ya zauna a gidan wancan, wancan kuma ya zo ya zauna a gidan wannan. Ba wanda zai biya wani kuɗin haya. Ko wannensu zai kwana a gadon ɗan'uwansa, ya yi girki a tukwanensa, ya ba shukokinsa ruwa. In akwai kyanwa a gidan ya ba ta abinci. In kwanakin da suka yanka sun cika, kowa ya koma gidansa.

Malaman makaranta ne suka fara tsara wannan abu a Turai, domin suna da dogon hutu, amma albashinsu bai taka kara ya karya ba. A shekarar 1953 aka kafa ƙungiyar Intervac saboda haka. A wancan zamani littafi a ke bugawa mai jerin gidaje. Mutum ya duba, ya rubuta wasiƙa, ya yi makonni yana jiran amsa. Yanzu ta intanet a ke yi, a ga hoton gida, a yi magana da mai shi kafin a tashi.

2. Baƙo da mazauni

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Gaskiya ne, in kwana uku zai yi. Mai kwana uku ya iya jure zafi, ya jure sanyi, ya jure tsada, domin jibi zai tafi. Amma wanda ya yi musayar gida ta mako 6 ko ta wata 2 ya tashi daga baƙo, ya zama mazauni. Zai ci kasuwa, zai yi wanki, zai fitar da shara, watakila yaro ya kwana da zazzaɓi.

Don haka ba kyaun gari a hoto za a duba ba. Ga abin da ya kamata a tambayi mai gidan tun da wuri:

Kasuwa ko kanti na kusa, har a je da ƙafa?
Bas ko jirgin ƙasa na bi ta unguwar?
Ina asibiti da kantin magani su ke?
Wane harshe a ke ji a garin?
Abinci da tsada, ko da araha?
Akwai waɗansu garuruwa kusa da za a je a dawo a yini ɗaya?

Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci. Kome kyaun gari, in an yi mako 3 an ga abin gani. In kuwa akwai hanyar leƙa maƙwabta, ba za a ƙosa ba. Matambayi dai ba ya ɓata.

3. Lokutan shekara

Mu mun san damina da kaka da hunturu da bazara. Turai ma lokutan shekararsu huɗu ne, amma ba irin namu ba ne. Daga Maris zuwa Mayu itatuwa ke toho. Daga Yuni zuwa Agusta lokacin ɗumi ne. Daga Satumba zuwa Nuwamba ganye ke zuba. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai tsanani, a waɗansu wurare har da dusar ƙanƙara.

Akwai kuma tsawon yini. A Kano, tsakanin yini mafi tsawo da yini mafi gajarta bambancin bai kai awa 2 ba. A arewacin Turai ba haka ba ne. A Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotlan, yini ya kan wuce awa 17 a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. A Disamba kuwa yinin awa 7 ne, kafin ƙarfe 4 na la'asar rana ta faɗi. Gari ɗaya ke nan, amma wanda ya je a Yuni da wanda ya je a Disamba, in suka ba da labari sai ka ce garuruwa biyu suka je.

Har wa yau, a kudancin duniya abin a juye ya ke. Sa'ad da Landan ke cikin sanyi a Janairu, birnin Sidni na ƙasar Ostireliya yana tsakiyar zafi. Dogon hutun makarantun Ostireliya a Disamba da Janairu ya ke. Malamin Sidni da ya yi musaya da na Landan a lokacin nan, shi zai tarar da sanyi da duhu, abokinsa kuwa ya sami rana da bakin teku.

4. Misalin malamai biyu

Mu ɗauki misali. A ce akwai malamin makaranta a Edinbara, akwai kuma wani a Sebiya, birnin da ke kudancin ƙasar Sifen, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya. Ko wannensu yana sha'awar garin ɗan'uwansa.

Sebiya gari ne mai daɗi. Itatuwan lemo jere a titunansa. Akwai doguwar hasumiya wadda aka gama ginawa a 1198, zamanin da Musulmi ke mulkin Andalus, yanzu kuwa ita ce hasumiyar ƙararrawar babban cocin garin. Daga nan zuwa birnin Kurɗuba, jirgin ƙasa mai sauri ba ya kai awa guda. Edinbara kuma tana da tsohuwar fada a bisa dutse a tsakiyar gari, kuma zuwa Gilasgo tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Watau ko wane gari ya ci jarrabawar zama.

Saura lokaci. Na Sebiya ya ce Agusta ya ke so. Dalilinsa biyu ne. Na ɗaya, a watan nan a ke yin babban bikin Edinbara na kaɗe-kaɗe da wasannin kwaikwayo, wanda aka fara a 1947. Gari ya kan cika maƙil, ɗakin otal ya yi tsada ƙwarai, shi kuwa ga gida kyauta. Na biyu, gudun zafi ya ke yi. A Yuli da Agusta zafin Sebiya da rana ya kan kai digiri 36, wani lokaci ya haura 40, kamar bazararmu. A Edinbara kuwa yawanci bai cika wuce 20 ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abin da na Sebiya ke gudu, shi na Edinbara zai je ya tarar. Mutumin da bai saba da zafi ba, ga yara ƙanana, zai yi makonni a kulle cikin ɗaki. Shi lokacin da zai ji daɗin Sebiya shi ne Maris zuwa Mayu, sa'ad da lemo ke fure, ko kuwa Oktoba. Yawanci a Afrilu ne ma a ke yin babban bikin garin na dawakai da raye-raye, wanda ya fara a 1847 a matsayin kasuwar dabbobi. Amma dogon hutun makarantun Sikotlan daga ƙarshen Yuni ne zuwa tsakiyar Agusta. A Afrilu hutunsa gajere ne.

Yaya za su yi? Hanya uku ce.

Ta ɗaya, na Edinbara ya yarda da zafin, amma ya tabbata gidan yana da na'urar sanyaya ɗaki. Sa'an nan ya bi al'adar mutanen garin: a fita da sassafe, a rufe tagogi a huta da tsakar rana, a sake fita bayan rana ta yi sanyi.

Ta biyu, ya canja gari. A arewacin Sifen, a bakin teku, akwai birnin Santanda. Can zafin Agusta yawanci bai cika wuce digiri 25 ba, sai dai a kan yi ruwa. Ƙasa ɗaya ce, harshe ɗaya, amma yanayi dabam.

Ta uku, su raba lokaci. Na Sebiya ya zo a Agusta, sa'ad da mai gidan ya tafi ziyarar iyayensa. Shi kuma na Edinbara ya je a hutun Afrilu, lokacin da abokinsa zai sauka wurin dangi. Hutunsa zai gajarta, amma zai more shi.

Mu lura da abu guda a nan. A musayar gida mutum ba shi kaɗai ke zaɓe ba. Garinsa ma kamar kaya ne a kasuwa, yana da watan da a ke nemansa, yana da watan da ba mai tayawa. Dattijon Edinbara da ya bar aiki yana cin fansho zai so ya yi Janairu a Sebiya, inda rana ke da ɗumi. Amma wane ne a Sebiya zai so Edinbara a Janairu? Mai hankali ya kan fara sanin watan da garinsa ke da farin jini, sa'an nan ya nemi garin da shi ma zai yi masa daɗi a watan nan.

5. Dokar ƙasa

Ko an sami gida kyauta, ba a zama a ƙasar wasu yadda aka ga dama. Ƙasashen Turai fiye da 25, ciki har da Sifen da Faransa da Jamus, sun haɗa kan iyakokinsu a wani tsari da a ke kira Shengen. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido daga wajen tsarin nan ba zai wuce kwana 90 a cikin ko wane kwana 180 ba, kuma a haɗe a ke ƙirga kwanakin da ya yi a dukan ƙasashen. Tun daga Janairun 2021, bayan Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, dokar nan ta hau kan mutanenta, har da malaminmu na Edinbara. Ita kuwa Birtaniya ta kan ba mai ziyara har wata 6. Mutanen ƙasashe da yawa sai sun nemi biza tukuna. Lalle ne a ƙirga kwanaki kafin a sayi tikiti, domin wanda ya zarce a kan ci shi tara, ko a hana shi dawowa.

6. Amana

Wanda ya miƙa makullin gidansa ga mutumin da bai taɓa gani ba ya ba da babbar amana, ya kuma karɓi irinta. Don kada a yi rigima daga baya, su kan rubuta kome a takarda: ranar zuwa da ranar tafiya, mutum nawa za su zo, wa zai biya kuɗin wuta da ruwa, wa zai biya in an fasa abu. Lokacin shekara ya shiga nan ma. Ɗumama gida a sanyin Edinbara yana cin kuɗi, sanyaya shi a zafin Sebiya ma haka. Su kan kuma bar sunan maƙwabcin da za a nema in famfo ya lalace. Kun ga amfanin iya rubutu da karatu. Magana ta baki a kan manta, ta takarda kuwa tana nan.

Abin da za mu riƙe

Mai dogon zama ya zaɓi gari da idon mazauni. Kada ya tambayi kyaun gari kawai, ya tambayi yadda garin ya ke a watan da zai je. Ya tuna abokin musayarsa ma yana da nasa zaɓin. Ya ƙirga kwanakin da doka ta ba shi. Ya rubuta alkawari, ya cika shi.

Tambayoyi

1. Su wane ne suka fara tsara musayar gida, kuma don me?
2. Awa nawa ne yini a Edinbara a Yuni? A Disamba fa?
3. Me ya sa malamin Sebiya ya ke son Agusta?
4. Faɗi hanyoyi uku da malaman nan za su iya bi.
5. In mutum ya yi kwana 30 a Faransa, ya wuce Sifen kai tsaye, kwana nawa suka rage masa?
6. In otal yana karɓar fam 100 ko wane kwana, nawa mai musayar gida ya tsirar a mako 6?

Aikin rubutu

Kowa ya rubuta layi 5 a littafinsa. A ce baƙo zai zo ya yi wata guda a garinku. Wane wata za ku ce ya zo, wane wata kuma za ku ce ya dakata? Ku faɗi dalili.